Ɗingishin Aro

A unguwar Sheshe, in ka tambayi gidan Sa'ida za a tsaya ana kallonka. In ka ce 'Yardada, tsofaffi za su nuna maka da haɓa. Amma in kana so a raka ka har ƙofar zaure, ka ce gidan Mailafiya kake nema. Sunan yanka ya ɓace mata tun tana goye. Na biyun kakarta Dada ce ta jawo mata shi, domin ita ta raine ta. Na ukun kuwa da ƙafarta ta je ta ɗauko shi a gidan talabijin, ya manne mata shekara arba'in.

Yanzu ta tasam ma saba'in. Tana zaune a gidan da mijinta ya bar mata, tana sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa daga ɗaka. Gwiwarta ta hagu ta daɗe da yi mata tawaye, in ta miƙe sai ta dafa bango. Abin haushin shi ne babu mai tausaya mata. Duk wanda ya ga tana jan ƙafa a lungu sai ya tuntsire da dariya, ya ce Mailafiya ba za ta daina ba. Ta gaji da rantsuwa cewa ciwon gaske ne, ta bar su.

Tun tana ƙarama ba ta ganin mutum ta ƙyale shi. Ladanin masallacin unguwa, mai tallan kananzir, malamar lissafi mai magana ta hanci, duk tana da su a baki. In baƙuwa ta zo wurin Dada ta tafi, kafin ta kai zaure 'Yardada ta zauna a gurbinta, ta ɗauki muryarta da tarinta. Dada sai ta ɗauko maficinta ta bi ta, tana faɗa tana danne dariya, tana cewa wannan ba yarinya ba ce, aku ce. Dukan bai taɓa zafi ba, shi ya sa bai taɓa yin magani ba.

A bikin raba kyaututtuka na makarantarsu Malam Mamman ya gan ta. Malamin firamare ne, siriri, mai farar hula, yana da ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke haɗuwa ranar Asabar. Ya zo wurin Dada da goro a aljihu ya durƙusa. A wancan zamanin ba kowane gida ne zai bar 'yarsa ta hau dandali ba, kuma maƙwabta sun yi magana har bakinsu ya gaji. Dada ta gindaya sharaɗi biyu: kada Magariba ta yi wa yarinyar a waje, kada kuma ɗankwalinta ya bar kanta ko da za a ce ta fito a mahaukaciya. Da ta yi aure ma Allah ya haɗa ta da Isma'il, tela a Ƙofar Wambai, mutum mai sanyin hali. Shi ya riƙa ɗinka wa ƙungiyar kayan wasa, bai taɓa ce mata ta zauna ba.

Kwanakin nan ne take tunawa in ta rasa mai ciniki. Ɗakin taro mai benci, rufin kwano yana ɗaukar zafi, labulen kuwa wani baƙin zane ne da aka rino a Ƙofar Mata, duk wanda ya ja shi sai hannunsa ya yi shuɗi. Babu takarda, babu hadda. Malam Mamman zai tara su ya ce, ke uwar yaro ce, an koro shi daga makaranta, kai kuma hedimasta ne, ku je. Sauran maganar daga cikinka za ta fito. In ka yi abin kirki za ka ji benci yana ƙara saboda dariya, in ka yi shirme ɓawon gyaɗa zai same ka a ƙeya. Kuma yana da karatu ɗaya da yake maimaita musu: kada wanda ya ƙirƙiri mutum daga kansa, Allah ya riga ya cika gari da mutane, a je kasuwa a ɗauko.

Da wannan karatun ta tashi, kuma shi ya kai ta inda ya kai ta.

Lokacin da gidan talabijin ya ba ƙungiyar fili duk ranar Alhamis, Malam Mamman ya ce yana son dillaliya a cikin shirin, mai shiga gida-gida da ƙunshin kaya, tana sayar da atamfa tana raba gulma kyauta. Ya sa mata suna Mailafiya don gatse. Ya ba 'Yardada mako guda ta nemo ta. Ko kwana ɗaya ba ta yi ba, domin dillaliyar tana shiga gidansu tun tana yarinya.

Asibi ake ce mata. Daga wani ƙauye ta wajen Rano ta zo birni, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Husaina, wadda 'yar tagwaicinta ba ta yi rai ba. Ƙafar Asibi ta hagu ta fi ta dama gajarta, in tana tafe da ƙunshi a ka sai ka ga ƙunshin yana rusunawa gefe yana miƙewa. Sallamarta daga zaure take farawa, doguwa, tana jan ta har tsakar gida. In ana ciniki aka matsa mata, sai ta buga bayan hannunta a tafi sau biyu ta ce, "Ni dai ba ruwana, Allah na gani." Kuma da gaskiyarta take faɗa, don ba a taɓa kama ta da ha'inci ba. Matan kulle na Sheshe ita ce kasuwarsu. Kwanukan da aka jera wa 'Yardada a ɗakin aurenta ma Asibi ce ta yi yawon nemo su, da wannan ƙafar.

'Yardada ta ɗauke ta ɗungurungum: sallamar, ƙunshin, bugun hannun, ɗingishin. Ta ƙara wa kowanne gishiri. Sai dai ita Mailafiya ba ta cewa Allah na gani sai ta gama shirga ƙarya. Ranar da aka fara gwadawa, mai ɗaukar hoto ya yi dariya har kyamara ta karkace, aka sake daga farko.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Ranar Alhamis lungunan birni kan yi tsit. Gidan da ke da akwatin talabijin sai a fito da shi zaure, in babu wuta a jona batirin mota, mutane har bakin titi. Aka gayyace su Kaduna, aka gayyace su Damagaram, aka ba ta allon yabo mai ruwan zinare wanda har yau yake rataye a ɗakinta, ruwan ya koɗe. In ta shiga kasuwar Kurmi wani ya ƙi karɓar kuɗinta, wani ya ƙi sayar mata. Wata tsohuwa ta taɓa jifanta da takalmi saboda ta kashe wani aure da ba a taɓa ɗaura shi ba sai a talabijin. Ta ji daɗin shekarun nan, kuma ba ta ɓoyewa. Ko yanzu in ta tuna, fuskarta sai ta saki.

A Kaduna da Damagaram, Mailafiya Mailafiya ce kawai. A Sheshe kuwa babu wanda bai san ko wace ce ba. Yara suka fara bin Asibi a baya suna jan ƙafa, suna buga hannu. Wannan ma da sauƙi. Magidanta da ba su taɓa damuwa da shigarta ba suka fara cewa ashe haka dillalai suke, daga yau kada a sake ganinta a gidansu. Matan da suka san gaskiya suka yi shiru, wasu ma in ta buga hannu ta ambaci Allah sai su kalli juna su ƙunshe dariya.

Wata rana da hantsi suka yi kaciɓis a wani lungu da ba ya ɗaukar mutum biyu. 'Yardada ta rusuna ta gaishe ta. Asibi ta amsa, ta gyara ƙunshinta, ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba.

"'Yardada," ta ce, "har da ƙafar?"

"Haba Iya, ai wasa ne," in ji 'Yardada, tana dariya.

Asibi ta raɓa ta wuce. Ba a yi wata uku ba aka daina jin sallamarta a Sheshe. Aka ce ta koma wajen Ƙofar Mata, tana ɗaure wa marina zane a cikin gida, ba ta fita. 'Yardada ta ji, abin ya ɗan taɓa ta, ta ce in an yi Sallah za ta je. Aka yi Sallah, aka yi ta layya. Shirin ya ƙara shekara shida a talabijin, kuma ba ta rage ko taku ɗaya daga ɗingishin ba, don shi mutane suke jira.

Daga baya zamani ya juya. Kaset ya zo, faifai ya kore shi, waya ta kore su duka. Malam Mamman ya rasu, Isma'il ya bi shi. Yaran da suka karɓi harkar suna girmama ta, suna ce mata Mama, amma abin da suke so a wurinta bai wuce ta zauna a kan kujera ta yi kuka na minti uku ba, an yi wa ɗanta sharri. Su miƙo mata takarda su ce ta haddace. Ta yi musu 'yan shekaru, ranar da wani yaro sa'an jikanta ya ce ta maimaita kuka sau tara saboda haske bai yi ba, ta ɗauki mayafinta ta dawo gida. Ta taɓa aikawa gidan talabijin a nemo mata tsofaffin shirye-shiryensu, aka ce an daɗe da naɗar wasu abubuwa a kansu. Mailafiya ba ta rage a ko'ina ba sai a bakin mutane.

Bana ɗanta Maharazu ya biya mata kujerar Makka. Kowa ya san al'ada: maniyyaci ba ya tashi sai ya bi 'yan uwa da maƙwabta ya nemi gafara. Ta yi mako biyu tana yi, gida-gida, da sandarta. Ko'ina amsar ɗaya ce, ba ki yi mana komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya, a sa mu a addu'a, a taho mana da zamzam. Neman gafarar ma ya zama hira, sai an sa ta ta buga hannu sau biyu kafin a bar ta ta tafi.

A wurin bita ne malamin da ke koya musu aikin Hajji ya faɗi abin da ta sani tun tana allo: Allah yana yafe nasa, amma haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe da bakinsa. Maganar ta zauna mata a ƙirji. Duk gidajen da ta shiga babu inda ake bin ta komai. Gida ɗaya ne ake bin ta, shi ne kuma ba ta je ba. Ta ji tsoro na gaske, kada ta je ta tsaya a gaban Ka'aba da kayan wata a kanta.

Saura kwana biyar su shiga sansanin alhazai ta hau adaidaita da safe, ba ta gaya wa kowa ba. A hanya tana lissafi: in Asibi na da rai ta haura tamanin da biyar, kuma mutanen ƙauye suna da ƙashi. A marinar Ƙofar Mata rabin rijiyoyin sun bushe, an cike wasu da shara. Ta tambayi wani dattijo mai shuɗin hannu da ke tsoma zane. Ya gane ta, ya fara murmushi, da ya ji wadda take nema sai murmushin ya tsaya. Ya nuna mata wani lungu, ya ce gida na uku, ta tambayi Husaina.

Ta same ta a tsakar gida a kan tabarma, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, farin yadi a cinyarta, tana tsunkule shi tana naɗe zare, ƙulli bayan ƙulli. Husaina ta ɗago ta dube ta, kuma ba ta tambayi ko wace ce ba. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, suka gaisa gaisuwar da ba ta wuce leɓe ba. 'Yardada ta tambaya ina Iya Asibi take.

"Inna ta rasu. Bana shekara uku."

Shekara uku. Da ashirin aka ce mata da ta sami abin faɗa wa kanta. Ashe shekara talatin da bakwai matar nan tana zaune a nan, nisan da bai ninka na zuwa Kurmi daga gidanta ba. Ta yi ta'aziyya, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ta ɗauki matar da ba ta yi mata komai ba sai alheri, ta mayar da ita abin dariya, an gaya mata kuma ta ce wasa ne.

Husaina ba ta daina ƙullin ba. Ta ce tana aji shida lokacin, 'yar Mailafiya ake kiranta a makaranta har ta daina zuwa. Ta ce Inna ta koyi ɗaurin zane ne da girmanta, zare ya yayyanka mata yatsu, kuma daga ranar da suka taso ba ta ƙara fita ba sai asibiti ko gaisuwar mutuwa. Ko hoto ba ta yarda an ɗauke ta ba har ta koma ga Allah, tana cewa an ɗauke ta sau ɗaya ya isa. 'Yardada ta tambaya ko ta taɓa yin maganarta. Husaina ta ce ko sau ɗaya, ba da alheri ba, ba da sharri ba.

"Nawa na yafe miki, Allah ya kai ku lafiya," ta ce. "Nata kuwa ba a hannuna yake ba."

'Yardada ta san gaskiya ce. Ta yi godiya, ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki sandarta. Ta kusa zaure Husaina ta kira ta. Ta ajiye yadin, tana kallon ƙasa, kamar mai jin kunyar abin da za ta roƙa. Ta ce jikokinta suna tambayarta yadda Inna take tana da ƙarfinta, ba ta da abin nuna musu, ita kanta muryar ta fara ɓace mata.

"Har yanzu kin iya ta?"

'Yardada ta ce ta iya.

"Ba Mailafiya ba. Ita."

Akwai ƙunshin zannuwa da aka gama ɗaurewa a gefen tabarma, ana jiran a kai marina. 'Yardada ta jingine sandarta, ta ɗora ƙunshin a ka, ta fita zaure. Ta tsaya a can cikin duhun zauren, kamar mai jira a bayan labule. Duk gishirin da ta ƙara shekara da shekaru sai da ta tsince shi ta zubar. Abin da ya rage ba shi da yawa, kuma babu abin dariya a cikinsa.

Ta yi sallama, doguwa, a hankali, irin ta wadda ta yi yawo tun safe. Ta taho, ƙunshin yana rusunawa yana miƙewa. Da ta zo bakin ƙofar tsakar gida sai ta tsaya, ta dafa jikin ƙofar, ta runtse ido, ta ɗauke numfashi kaɗan har zafin ƙugu ya wuce, sannan ta saki fuska ta shigo da fara'a. Haka Asibi take yi a kowane gida. 'Yardada ta sha gani tun tana yarinya, ba ta taɓa kai shi talabijin ba saboda ba ya ba da dariya.

Husaina ta amsa sallamar. Ta miƙe ba tare da ta sani ba, ta taho da hannu biyu ta sauke mata ƙunshin, yadda ta saba yi tana 'yar shekara goma. Ta rungume shi a ƙirji ta tsaya, hawaye na zuba a kan farin yadin.

"Har tsayuwar bakin ƙofa," ta ce. "Ashe kin gani."

"Na gani," in ji 'Yardada.

Suka zauna tare har inuwar katanga ta janye daga tabarmar. Da za ta tafi, Husaina ta rako ta zaure, ta ce Inna ta so zuwa Makka, Allah bai nufa ba, in da hali ta yi mata addu'a a can. 'Yardada ta ce za ta yi a kowane zagaye na ɗawafi. Sai kuma ta tsaya. Asibi ai sunan rana ne, na wadda aka haifa ran Asabar. Ta ari muryar matar nan da tafiyarta, ta ci abinci da su, ta yi suna da su har ƙasar waje, amma ba ta taɓa tambayar sunanta na yanka ba. Ta juyo ta tambayi Husaina.

"Zainab," in ji Husaina.

Gafarar da ta zo nema ba ta samu ba, kuma ta san ba za ta same ta a duniya ba. Ta fito lungu tana jan ƙafarta, wani mai wucewa ya gane ta ya yi dariya, ba ta ko waiwaya ba. Ta tari adaidaita ta shiga, tana maimaita sunan a hankali har Sheshe, don kada ya ɓace mata kafin ta isa inda za ta faɗe shi.